Kalma Ɗaya Gaban Sunan Tankari

Munkaila: Alo? Alo! Salamu alaikum. Shagon Alhaji Shitu ne, Dogon Dutsi?

Ramatou: Wa alaikumus salam. Munkaila? Ni ce, Ramatou.

Munkaila: Yaya! Ina wuni?

Ramatou: Wane wuni, yanzu rana ta hito.

Munkaila: Na mance. Mu nan Guangzhou, ƙasar Sin, har mun sauko daga Juma'a. Kin tashi lahiya?

Ramatou: Lahiya lau. Ina gajiya?

Munkaila: Ba gajiya. Ina gida? Yaran?

Ramatou: Duk lahiya.

Munkaila: Ya ruwa?

Ramatou: Ruwa ya yi gyara. Ya baƙunta?

Munkaila: Sai shinkahwa ba miya. Inna hwa?

Ramatou: Tana nan.

Munkaila: Mi? Muryarki a makare take zuwa.

Ramatou: Na ce tana nan!

Munkaila: Madalla. Ni Tankari na aika a kira mini, sai ga ke. Ya tahi gona ne?

Ramatou: Bai samu zuwa ba. Gaya mini, ni isar.

Munkaila: Kan kaset ɗinshi ne. An hidda na gwaji, Yaya! Ga laoban nan tsaye, mai shagon bugawar, suna kawai yake jira a sa a bango. Ban san wanda yake so ba, Tankari Mai Gurmi ko Tankari Ɗan Arewa.

Ramatou: To.

Munkaila: To kawai? Kin tuna masu saida kaset, daga Maraɗi har Kano, yadda sunka yi mishi? Wai kiɗan 'yan gona ne, ba piyano, wa zai saya. Na rantse ko a Sin ne sai na buga wa yayana waƙoƙinshi. Ga shi kuwa. Jiya laoban ya saurara ya tambaye ni, wai mutumen nan waƙa yake ko kuka. Tsaya ma ki ji, bari in kara miki waya. Kin ji? Ta makiyayin nan ce da ya saida sanshi.

Ramatou: Munkaila, kashe.

Munkaila: Ba ki ji ba? Bari in ƙara...

Ramatou: Na ce ka kashe shi! Amin, Malam Mas'udu. Amin, amin. Sai godiya. Allah ya ba da lada.

Munkaila: Da wa kike magana?

Ramatou: Mai wucewa ne.

Munkaila: Na ji ya ce miki ya haƙuri.

Ramatou: Layin ne ba kyau.

Munkaila: Layin ya yi kyau a nan. Haƙurin mi, Yaya? Inna?

Ramatou: Ba Inna ba.

Munkaila: Alo?

Ramatou: Ina jin ka. Jiya anka yi sadakar bakwai. Ya dawo daga gona ya ce kanshi na sara, ya kwanta. Kahin a samu mota zuwa likita, rai ya yi halinshi. Inna ta ce ba a gaya wa matahiyi, a bari ka sauka.

Munkaila: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ramatou: Sai haƙuri.

Munkaila: To. Bangon kore ne. Akwai shuɗi ma, amma shuɗin ya cinye hoton.

Ramatou: Munkaila, ka ji abin da na ce kuwa?

Munkaila: Na ji. Tankari ya rasu. Na ji.

Ramatou: Kana zaune ko kana tsaye?

Munkaila: Tsaye. Ba kujera. Ban ji komi a raina ba, Yaya. Ina ta jira in ji, shiru. Ina gurmin?

Ramatou: Yana rataye inda ya bar shi. Ka san wani abu? Mai kaset ɗin nan na bakin tasha, wanda ya ce mishi ya koma ga hauya, ya zo gaisuwa. Bai tashi daga tabarma ba sai da ya tambayi yaushe kaya za su iso. Wai yanzu za a saya.

Munkaila: Yanzu.

Ramatou: Shi ne ya ce lalle a sa Marigayi gaban sunan, ya hi jan mutane. Inna ma ta ce a sa, ko a samu masu yi mishi addu'a.

Munkaila: To. Tsaya. Laoban! Zo. M, A, R, I, G...

Ramatou: Alo? Mi yake cewa?

Munkaila: Yana tambaya ko sunanshi na yanka ne. Wai suna mai daɗi.

Ramatou: Ka ce mishi mi?

Munkaila: Na ɗaga mishi kai. Ina zan samu Turancin da zan mishi bayani? Tsaya, yana aunawa da ruwula. Ya ce meiyo.

Ramatou: Mai yawa?

Munkaila: Meiyo. Babu, da bakinsu. Babu wuri. Layi ɗaya ne ƙarƙashin hoton, ba zai ɗauki duka ba. Sai an cire ɗaya, ko Marigayi ko Mai Gurmi.

Ramatou: To ka cire Mai Gurmin. Ai ga gurmin nan a hannunshi cikin hoton.

Munkaila: Tun muna yara yake kaɗawa a bukin mutane, a ba shi hura a sallame shi. Ko a taron sunan ɗanshi, Tankari manomi anka ce.

Ramatou: Inna hwa ta riga ta yi magana.

Munkaila: Marigayi kowa na samun shi, Yaya. Ni da ke duka za mu samu, ba sai mun koyi komi ba. Laoban! Goge wannan. A'a, na gaban, Marigayin. Yawwa.

Ramatou: Mi zan ce wa Inna?

Munkaila: Katin wayar na ƙarewa, zai yanke. Ki ce mata addu'a mu za mu yi, kaset ɗin kuwa nashi ne, shi da...

Ramatou: Alo? Munkaila? Alo!