Allon da Ba Ya Tsatsa

Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu ta masu rubutun allo, dattawan sana'a da suka rage, sakatare ɗan ƙanwata, matasa masu inji da kwamfuta, maƙwabtanmu 'yan kasuwa, da waɗanda inuwa kawai ta shigo da su, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana a wannan taro na buɗe sabon allon ofishinmu, wanda ke bayana a lulluɓe da zane. Ina godiya ga wanda ya ce a ba ni makirfo, ina kuma godiya ga wanda ya ce kada a ba ni, don na ji shi.

Magana ta farko. Ni ban yi boko ba. A rubuto mini a takarda, in duba, in zana. Haka na rubuta wa mai aski, na rubuta wa mai kemis, na rubuta wa makarantar da ban taɓa zama cikin ajinta ba. Allona na kwano ne, a buga shi kan katako, a goge da samfefa, a shafa fenti, a bar shi ya sha rana. Damina ta zo ta wuce, tsatsa ta kama gindinsa, mai shago ya ɗoro shi a ka ya kawo mini. Ya zauna a bencina ina kankarewa, muna gaisawa. A nan nake jin wanda aka yi wa haihuwa, a nan nake jin wanda ya rasu. Tsatsa ce take kawo mini mutane, jama'a, kuma ban taɓa raina mata ba.

Magana ta biyu. Sai ga sabon allo ya shigo gari: alminiyam sama, alminiyam ƙasa, roba a tsakiya. Ba nauyi, ba tsatsa, gara ba ta cinsa, ruwa ba ya zama a kansa. Sakatare ya ce mini, "Kawu, wannan in an kafa shi, shi ke nan, ba ya buƙatar kowa." Na ce, "To madalla." Gaskiya ya faɗa, ban ƙaryata shi ba. Wanda duk ya kafa, bai sake dawowa ba. Bencin nan yanzu kaji ke hutawa a kai.

Magana ta uku, ita ce wadda ake yi a bayan idona, gara in yi ta a gabanku. Tela ya kawo mini irin allon nan, na karɓa, don ba a san ni da tsoron aiki ba. Ba wanda ya gaya mini cewa allon da rigarsa yake zuwa, wato farar ledar nan da ake manna masa don kada ya karce a hanya. Na ga fari, na rubuta. Da aka kafa, tela ya ga gefe ya ɗan ɗaga, ya sa farce ya ja. Sunansa, da lambar wayarsa, da almakashin da na zana masa, duk suka biyo hannunsa. Ya naɗo su a hammata ya kawo, ya ce, "Baba, ga rubutun nan, allon kuma yana can." Ina tambayar wannan majalisa: wa ya aike shi? Mutum ya ga abu zaune lafiya, ya je ya ja, sannan a ce laifin tsoho ne? Tun ranar yara ke ce mini Baba Leda. Da wannan hujja sakatare ya kawo shawara a karɓe rubutun allon ofis daga hannuna a ba inji, ni da nake rubuta shi tun ofishin yana rumfa. Yaron da na goya a wuyana.

Magana ta huɗu. Shugaban ƙungiya, Allah ya saka masa, ya ce a bar mini wannan karon, daga shi a sallame ni. Sakatare ya kawo allon da kansa, yana cewa, "Kawu, don Allah a cire ledar tukuna." Na cire ta a wani guntu na gwada. Santsi kamar madubi, buroshi na tafiya, fenti na bin bayansa yana hawaye. Matasa suka ce in goge fuskar da samfefa don fenti ya kama. Sabon abu, in sa hannu in karce shi? Ban yi ba. Saboda haka ina sanar da taro cewa wannan ma a kan ledar na rubuta.

Sakatare, zauna. Ban gama ba.

Kun ce allon zamani ba ya buƙatar kowa. Wannan yana buƙata. Rana za ta busar da ledar, gefe zai ɗaga, masu ƙaiƙayin farce irin tela suna nan da yawa. Na riga na kori kaji, na kawo bencina na ajiye a ƙarƙashinsa, da gam, da gwangwanin fenti, da sanda. Daga safe zuwa yamma nan za a same ni. Mai shiga ofis ya gaishe ni, mai fita ya gaya mini labarin gida. Wanda ke son sallamata, ya fara sallamar sunan ƙungiya.

Allah ya raya sana'armu, ya shirya mana 'ya'yan ƙannenmu, ya ba tela haƙurin barin abin da bai shafe shi ba, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ranka ya daɗe, bismilla, a yaye zanen. Amma a hankali, ta hagu. Gefen dama ya fara ɗagawa.

Na gode.