Faifan Marigayiya

A tashar Rano, Lubabatu, tsohuwa mai saƙar faifai, ta ƙura wa kayan wani baƙo ido.

"Malam, faifai cikin gilashi? Ya za a rufe tuwo da shi?"

"Na ado ne, Iya. Daga kamfanin Alhaji Munzali. Da tebur ɗaya ya fara a Kibiya, amma tun hawan farar hula shagunansa sun kai har Abuja. Mai saƙar ta rasu, shi ya sa ake rububinsa. Ga sunanta, marigayiya Lubabatu Kahu."

Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ai ni ce! Jiya-jiyan nan na kai masa guda goma!"

Baƙon ya yi tsuru-tsuru, ya sassauta murya.

"Iya, rufa min asiri. Ashirin na saro."