Ranar da Baba Selvam Ya Kira Sunan 'Yarsa

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, Malam Mounkaila. Uwarmu Hajiya Balkisa, wadda ta taso daga Montreuil tun da safe. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, da jama'ar Nijar da Najeriya mazauna Lyon, ina gaishe ku. Ina godiya da kuka taru ku taya ni, ƙanwarku Nuriyya, murnar diflom ɗin da na samu a aikin dawo wa marasa lafiya da magana.

An ce in faɗi yadda aka yi, kuma zan faɗa.

Da farko, mutumin. Bara, a asibitin da nake koyon aiki, aka ba ni Baba Selvam, dattijo ɗan ƙabilar Tamil mai bin addinin Hindu, mazaunin Rillieux-la-Pape, nan gefen Lyon. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Wata biyu ina nuna masa hotuna, wata biyu ina motsa baki yana kallona, ko harafi bai fito ba. Likita ta ce in wata ya ƙare babu canji, za a ba wani gurbinsa.

Na biyu, abin da ban sani ba. 'Yarsa Kamala ta ce mini, "Shekara arba'in babana yana zama kowace safiya, ya rufe ido, ya ja numfashi, ya ce Om. A wurinmu sauti ne mai tsarki. Ana buɗe baki da a, a zagaye shi da u, a rufe shi da m, sannan a yi shiru, zuciya ta tsaya wuri ɗaya. Ko za a gwada?"

Jama'a, ni Musulma ce, kuma hankalina bai kwanta ba. Na kira mahaifina a Damagaram. Ya ce, "Ke za ki yi ibadar?" Na ce a'a. Ya ce, "To ibadarsa tasa ce, aikinki naki ne. Je ki yi aikinki."

Na je. Kamala ta riƙa ja masa sautin, ni ina lura da numfashinsa da leɓensa. A kwana na huɗu, wani gunji ya taso daga ƙirjinsa, ya yi tsawo, ya rufe da m. Da wannan m ɗin na kama aiki. Daga m muka samu ma. Kalmarsa ta farko ita ce "amma". Na tsaya ina jiran sauran zancen, sai Kamala ta ce, cikin kuka da dariya, uwa ke nan a harshensu. Bayan sati uku ya dubi 'yarsa ya ce, "Kamala."

Ba a ba kowa gurbinsa ba. Ga shi can a jeri na biyu, kuma da bakinsa ya roƙi direban bas ya sauke shi a ƙofar wannan zaure.

Allah ya ƙara masa lafiya. Allah ya buɗe bakin duk wanda ciwo ya rufe wa baki. Allah ya saka wa iyayenmu, ya albarkaci karatunmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.