Addu'ar da Baba Tela Ya Kuskure

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa!

Kun roƙe ni in faɗi yadda ikilisiyarmu ta Baftis ta fara a Goronyo. A zamanin Turawa ne, mu bakwai kacal, cikin zauren Baba Alabi, wani tela Bayarabe. Ƙararrawarmu tsohuwar garma ce.

Ni da mijina Bulus daga Zuru munka zo, shi yana aikin hanya. Wayyo Bulus! In ya yi murmushi, sai in ji kamar ruwan farko ya sauka a zuciyata. Wata damina jirgi ya kife da shi a Gulbin Rima. Ba a ga gawarsa ba.

Daga ranar na lalace. Ba ci, ba magana. Ƙarar zuba ruwa a randa ma sai jikina ya ɗauki rawa. Maƙwabciyata Inna Hajo, Musulma mai tausayi, ita ke ɗura mini fura tana cewa, "Ɗiyata, mi kika so ki zama? Itace?"

Ga shi ban yi baftisma ba, mu kuwa baftismarmu sai an nutsar da mutum a gulbi. Na ce ko a mafarki.

Wata Lahadi Baba ya ɗora hannu a kaina. Hausarsa duk a karye take. So yake ya roƙa mini nutsuwa, sai ya ɗaga murya: "Ubangiji, ka ba Saratu nutsewa! Nutsewa mai yawa!"

Matarsa ta daka masa tsawa: "Maigida, kashe ta za ka yi?"

'Yan'uwa, sai na ji dariya ta ƙwace mini! Shekara biyu rabona da ita. Na yi dariya har ta koma kuka, na durƙusa na ce, "Yesu, in kana cikin ruwan nan, ka riƙe ni."

Bayan an cire albasa munka gangara gulbi don a yi mini baftisma. Inna Hajo ta biyo mu daga nesa, riƙe da busasshen zane. Baba ya riƙe ni, ya nutsar da ni. Ruwan ya rufe fuskata, ruwan da ya ɗauke mini Bulus.

Sai na taso! Na taso da rai!

Na ce, "Baba, Allah ya ji kuskurenka, ya ba ni duka biyun."

Godiya ta tabbata ga Ubangiji! Kai da ke tsoron bakinka bai iya addu'a ba, buɗe shi hakanan. Ya san abin da kake nufi. Amin.