Saƙon da Marka Ta Tura wa Furera

MARKA: Salamu alaikum. Halo? Kai ne?

MAHBUB: Wa alaikumus salam, Inna! Ina wuni? Ya mutanen Garo?

MARKA: Lafiya lau. Ya Zariya? Ya karatu? Ya tsadar nan?

MAHBUB: Alhamdu lillahi. Ya Baffa? Ya shanu?

MARKA: Shanu suna nan, dusa ce ta fi su daraja yanzu. Ya iyalin naka?

MAHBUB: Suna gaishe ki. Inna, lafiya dai? Ke da ba kya kirana, sai dai ki sa Baffa.

MARKA: To laifi ne? Jiya na shiga Gwarzo, na kai wa Ɗanladi mai caji wayata. Yake cewa Turawa na ƙera wata kwamfuta, kwan... kwan me?

MAHBUB: Kwantam.

MARKA: Ita fa. Wai duk muryar da mutum ya taɓa ɗauka a waya ya tura, za ta zazzage ta a fili. Halo? Kana jina?

MAHBUB: Ina jin ki. Ba a kai ga ƙera mai wannan ƙarfin ba tukuna, amma da gaskiyarsa. Kowane saƙo rufe shi ake da makullin lissafi. Kwamfutar yau ba ta iya ɓalle shi, waccan in ta zo za ta iya. Shi ya sa ake sabon makulli, a kansa nake digirin nan.

MARKA: Ashe karatun naka yana da amfani. Yaya yake?

MAHBUB: Ki ɗauka gona ce, an sare ramukan shuka jere da jere. Aka yar da allura, aka ce ki nemo ramin da ya fi kusa da ita.

MARKA: Wannan ai ko da ciwon bayana zan nemo.

MAHBUB: A gona mai tsawo da faɗi kaɗai. Tamu gonar fuskokinta sun kai ɗari bakwai. Har kwantam ɗin ba a san ta inda za ta bi ba.

MARKA: Ɗari bakwai! Ko Jibirin mafarauci, da ya ce ya kama kura da rawani, bai taɓa sharo irin wannan ba. To saƙon da aka tura shekara huɗu baya fa?

MAHBUB: Shi da tsohon makulli ya tafi. In wani ya kwafe shi a hanya ya ajiye, jira kawai zai yi.

MARKA: Irin masu ɓoye hatsi. Innalillahi! Sai ka shiga ka goge min shi.

MAHBUB: Ba ya yiwuwa. Wane saƙo ne haka? Na Hisba ne?

MARKA: Bakinka! Ni da ƙanwata Furera ta Kabo ne.

MAHBUB: Me kika ce mata?

MARKA: Ba maganar yara ba ce.

MAHBUB: Ko na ranar da na gama digirin farko?

MARKA: Wace rana kuma?

MAHBUB: Wanda kika yi kuka a ciki? Inna, ni ne ɗanki na fari. Shekarata talatin da biyu ban taɓa jin sunana a bakinki ba, saboda kunya. A saƙon nan kin faɗe shi sau uku.

MARKA: Wayyo ni Marka! Har sun buɗe?

MAHBUB: Ba kwamfuta ba ce. Goggo Furera ce ta turo min, tun ranar.

MARKA: Furera! Ina nan ina tsoron Turawa, ashe ɓarnar a Kabo take, bakin rijiya!

MAHBUB: Kar ki yi mata faɗa. Duk ranar da karatun nan ya kusa kayar da ni, shi nake kunnawa.

MARKA: Hmm. Kana dai cin abinci?

MAHBUB: Ina ci.

MARKA: To ka sa masa makullin nan naka mai gona. Kada matarka ta ji, kada Baffanka ya ji.

MAHBUB: Ni fa?

MARKA: Kai ka riga ka yi rashin kunya. Ka dai dage ka gama karatun. Mai yiwuwa Furera ta sake samun saƙo.

MAHBUB: Inna, ki turo min kai tsaye ma...

MARKA: Allah ya kiyaye! Sai an jima.