Hannun da Aka Ɗaure

Muna zaune kan benci a bakin ɗakin taro, muna jiran a fara bitar hana nuna wariya a makarantu. Kusa da ni akwai wani dattijon malami da wata matashiyar malama, ba su san juna ba.

"Baba, kai ma turo ka aka yi?" in ji ta.

"Dole aka yi mini, 'yata. Ko in zo, ko a raba ni da ajina. Wai don na ɗan taɓa hannun wani bahagon yaro da rula. Shekara talatin ina shaƙar alli, yau ni za a koya wa riƙon yara!"

"To, hannun hagu me ya yi?"

"Ke dai ba ki ga zamani ba. Malaminmu na aji ɗaya, Allah ya jiƙansa, uba ne. Shi zai feƙe maka fensir, ya share maka hawaye da hankicinsa. Bahago kuwa, da hankicin nan zai ɗaure masa hannu a jikin benci, sai na dama ya saba."

"Yaron ba ya kuka?"

"Yakan yi. Kullum kafin tara."

Takardar sa hannu ta iso. Ta miƙa masa biro, ya karɓa.

"Baba, da hagu ka karɓa."

Ya daɗe yana duban hannun.

"Hankicin shuɗi ne," ya ce a hankali. "Shekara hamsin, ashe hannun nan bai manta ba."

Da shi ya sa hannu. Rubutun ya fito a karkace, kamar na ɗan aji ɗaya.