Lambun Firdausi

A tashar tirotiro, ƙananan motocin haya, ta unguwar Nima, wani tsoho mai tabarau ya dubi mutumin da ke riƙe da rago a gefensa.

"Na suna ne?"

"Eh, Baba, gobe. Firdausi za a raɗa mata. Larabci tsantsa."

"Larabawan ma aro suka yi. Kalmar Farisa ce, lambun da aka kewaye da katanga. Girkawa suka ɗauka, Larabawa suka ɗauka. Faradais ɗin da 'yan coci ke rerawa ma ita ce."

"Haba Baba, Aljanna guda ka mayar lambu?"

"Ban rage mata komai ba. Wa ya zaɓi sunan?"

"Ni. Sunan mahaifiyata ne, bara ta rasu." Mai ragon ya gyara riƙon igiya. "A unguwar Maamobi ta kewaye bayan ɗakinmu da tsohon kwano saboda awaki, tana shuka alayyafo da barkono a gwangwanayen madara. Tun rasuwarta ban leƙa wurin da ruwa ba."

"Duk sun mutu?"

"Barkonon ya ƙi mutuwa."

"To, ka ba shi ruwa yau. Kada sabuwar mai sunan ta tarar da shi haka."